Tseren Keke: Sana'ar Da 'Yan Kallo Ne Jarinta

NGURU, Jihar Yobe — Duk matafiyin da ya bi hanyar motar da ta haɗa Nguru da Gashuwa, tafiyar kilomita sittin da 'yan kai ta kan Jajimaji, ba zai rasa cin karo da masu keke ba: manomi da fartanya ɗaure a kariya, mai kai kifi kasuwa, ɗan makaranta, da mai jigilar ruwa a jarkoki. A wannan yanki na arewacin Jihar Yobe keke abin neman abinci ne, kuma ba kasafai ake kallonsa a matsayin abin wasa ba, in ban da yaran da ke karɓar haya ranar salla. To amma a wasu ƙasashe an mai da tseren keke babbar sana'a wadda ake juya miliyoyin kuɗi a cikinta, kuma abin da ya sa ya kamata ɗan kasuwa ya dube ta da kyau shi ne, tsarin samun kuɗinta ya saɓa da na sauran wasanni. A ƙwallon ƙafa ko dambe ɗan kallo yakan biya a bakin ƙofa. A tseren keke na kan kwalta babu ƙofa, babu tikiti, domin hanya ta kowa ce. Ɗan kallon da bai biya ko kwabo ba, shi kansa ne hajar da ake sayarwa.

Tun daga tushe haka abin ya faro. Gasar da ta fi kowace suna a duniya, wato zagayen ƙasar Faransa da ake kira Tour de France, wata jarida ce mai suna L'Auto ta ƙirƙiro ta a shekarar 1903, ba don komai ba sai don ta ƙara yawan kofen da take sayarwa, ta kuma karya abokiyar hamayyarta, Le Vélo. Dabarar ta ci, gama a shekarar da ta biyo baya Le Vélo ta rufe. A 1930 masu shirya gasar suka ƙara wata dabara: suka ba kamfanoni dama su biya kuɗi, su jera motocin talla a gaban mahaya, suna tafe suna raba wa jama'ar da ke bakin hanya 'yan kyaututtuka. Har yanzu wannan ayarin talla yana nan. Gasar takan ɗauki mako uku a tsakiyar shekara, zango 21, tafiyar fiye da kilomita 3,000, kuma miliyoyin mutane ne ke fitowa bakin hanya su kalla kyauta.

Kamfanin da ke da gasar, ASO, yana samun kuɗinsa ne ta hanya uku: abin da gidajen talabijin ke biya don su nuna ta, abin da masu talla ke biya, da kuma abin da garuruwa ke biya don a tashi ko a sauke zango a cikinsu. Dukkan ukun a kan taron jama'a suka dogara. Hoton dutse da babu kowa a kansa ba ya jan mai kallon talabijin, kuma babu magajin garin da zai fitar da kuɗin jama'a in ba ya sa ran masaukai da gidajen abinci za su cika. Su kuwa mahayan, wanda ya lashe gasar baki ɗaya Yuro 500,000 yake samu, kuma bisa ga al'ada yakan raba wa abokan hawansa da ma'aikatan ƙungiya. Wannan kuɗi bai wuce abin da wasu manyan 'yan ƙwallon ƙafa ke karɓa cikin mako ɗaya ko biyu ba.

Saboda babu kuɗin ƙofa, ƙungiyoyin mahaya ba su da abin sayarwa sai sunansu da rigunansu. Shi ya sa ba kasafai ake jin ƙungiya da sunan gari ba, kamar yadda ake cewa Kano Pillars ko Yobe Desert Stars. Sai dai a ji sunan babban kanti, ko kamfanin jiragen sama, ko na magunguna. Ranar da mai ɗaukar nauyi ya janye, ƙungiya ta mutu. Haka ta faru ga Qhubeka ta Afirka ta Kudu, wadda a 2015, da sunan MTN-Qhubeka, ta zama ƙungiyar farko mai rajista a Afirka da ta shiga Tour de France a wannan zamani; a ƙarshen 2021 ta watse don rashin mai zuba kuɗi.

Jarin da ke iya juyewa ya zama asara

Kusancin da ke tsakanin mahayi da ɗan kallo shi ne daɗin wasan, shi ne kuma haɗarinsa. A kan duwatsu jama'a sukan cika hanya maƙil, sai mahayi ya iso sa'an nan su dare masa, wasu na gudu a gefensa suna yi masa ihu a kunne. Ba a iya kafa shinge a tafiyar kilomita 200. Tun a 1975 wani ɗan kallo ya naushi Eddy Merckx na Beljiyam a ciki yana tsakiyar hawan dutsen Puy de Dôme, a shekarar da yake neman lashe gasar karo na shida, bai kuwa lashe ba. A ranar 14 ga Yuli, 2016, a dutsen Ventoux, iska mai ƙarfi ta sa aka sauko da wurin kammala zango ƙasa, jama'a suka taru a wurin da shingen bai isa ba, suka tare babur ɗin masu ɗaukar hoto, mahaya uku suka afka masa. Keken Chris Froome na Ingila, wanda ke sanye da rawayar rigar jagoran gasa, ya karye, duniya ta kalle shi yana gudu da ƙafa.

Wanda ya fi muni shi ne na ranar 26 ga Yuni, 2021, a zangon farko da ya tashi daga birnin Brest. Wata mata ta miƙo kwali cikin hanya, ta rubuta gaisuwa ga kakanninta, fuskarta na kallon na'urar ɗaukar hoto, bayanta ga mahaya. Tony Martin na Jamus ya yi karo da kwalin, ayarin da ke bayansa ya zube a kansa, mahaya da dama suka ji rauni, har da wanda ya karye a hannu biyu. A watan Disamba na shekarar kotu ta ci ta tarar Yuro 1,200. In aka auna wannan tara da albashin waɗanda suka jikkata da kuɗin kekunan da suka lalace, waɗanda kowane ɗayansu kan haura Yuro 10,000, za a ga cewa doka ba ta iya mayar da asarar da ɗan kallo guda ya jawo cikin daƙiƙa ɗaya. Ko a watan Afrilu na 2025, a gasar Paris-Roubaix, wani ya jefi Mathieu van der Poel na Holan da gorar ruwa a fuska yana kan gaba.

Akwai kuma lokacin da taron jama'a ke tasar wa mai ɗaukar nauyi kansa. A zagayen ƙasar Sifen na 2025, masu zanga-zangar nuna goyon baya ga Falasɗinawa sun yi ta tare hanya saboda shigar ƙungiyar Israel-Premier Tech. An yanke zangon Bilbao ba tare da an bayyana wanda ya ci ba, sa'an nan a ranar 14 ga Satumba aka soke zangon ƙarshe a Madrid. Kafin shekarar ta ƙare ƙungiyar ta bar sunan Isra'ila, kamfanin Premier Tech na Kanada kuma ya janye. Darasin ciniki a nan a fili yake: wanda ya sa sunan kamfaninsa a rigar mahayi ya kai sunan ne tsakiyar titi, inda babu mai tsaron ƙofa da zai zaɓi wanda zai shigo.

Masu shirya gasanni sun sha gwada karɓar kuɗi ta bayan fage. A 2012 masu zagayen Flanders a Beljiyam suka sauya hanya don mahaya su riƙa ratsa tudu ɗaya sau da yawa, inda aka kafa tantunan manyan baƙi masu biyan kuɗi. Mutanen garin Geraardsbergen, da aka cire tudunsu daga hanyar, har jana'izar wasa suka yi don nuna ɓacin rai.

Tseren keken hawan dutse, wanda ake yi a daji da kan duwatsu da keke mai kaurin taya, ya fi sauƙin sarrafawa ta wannan fuska. Ya shiga wasannin Olamfik a 1996 a Atlanta, kuma da yake a zagayen 'yan kilomitoci ake yinsa, ana iya killace wurin a sayar da tikiti. Sai dai biyan kuɗi ba ya hana 'yan kallo nuna son kai. A gasar Olamfik ta Faris, ranar 29 ga Yuli, 2024, Tom Pidcock na Ingila ya yi faci, ya dawo ya cim ma Victor Koretzky ɗan ƙasar masu masauki, ya wuce shi a wani matsattsen wuri a zagayen ƙarshe. Jama'a suka yi masa ihun "ba ma yi" har ya ƙetare layi. Alan Hatherly na Afirka ta Kudu ne ya zo na uku. Masu kallo daga gida su ma sun yi nasu ƙorafin tun 2023, sa'ad da nuna gasar cin kofin duniya ta wannan fanni ya koma hannun kamfanin Warner Bros. Discovery, aka fara biyan kuɗi a kan abin da a da ake kalla kyauta a tashar Red Bull.

Inda Afirka ta tsaya

Ba sai an je Turai ba kafin a ga irin wannan taro. A Eritiriya, inda keke ya kafu tun zamanin mulkin Italiya, mutanen Asmara sun cika tituna a watan Yuli na 2024 lokacin da Biniam Girmay ya zama baƙar fatar Afirka na farko da ya ci zango a Tour de France. Zango uku ya ci a shekarar, ya kuma tafi da koriyar rigar gwanin gudu. Rigar da ya sa kuwa tana ɗauke da sunan Intermarché, wani jerin kantuna na Faransa, wanda ya samu talla a duk faɗin duniya da gumin ɗan Afirka. Ruwanda ta ɗauki shekaru tana gina zagayen ƙasarta, har ta kai ga karɓar gasar duniya ta tseren kan kwalta a Kigali daga 21 zuwa 28 ga Satumba, 2025, karo na farko a nahiyar, inda Tadej Pogačar na Sulobeniya ya lashe tseren maza. Abin da baƙi suka fi yabawa shi ne yawan jama'a da kiɗe-kiɗen da suka cika bakin hanya.

Amma misalin da ya fi kusa da Yobe shi ne na Burkina Faso. Ƙasa ce ta Sahel, shimfiɗaɗɗiya, mai zafi da ƙura, talakawanta mahaya keke ne, kuma tun 1987 take da gasar zagayen ƙasa, Tour du Faso, wadda akan yi bayan damina. Ƙauyawa sukan fito su jeru a bakin hanya, kamfanonin cikin gida kuma su ɗauki nauyin riguna da kyaututtuka. Ba ta da duwatsun Faransa, ba ta da arzikin Nijeriya.

A Nijeriya kuwa, an gina filin tseren keke mai rufi a Abuja domin wasannin Afirka na 2003, ana kuma yin tseren keke a bikin wasanni na ƙasa. Amma ranar da yawancin 'yan ƙasa suka waiwayi wasan ita ce a watan Agusta na 2024, sa'ad da Ese Ukpeseraye, 'yar Nijeriya ta farko da ta yi tseren keke a Olamfik, ta bayyana cewa da keken aro daga tawagar Jamus ta shiga tseren cikin fili. Hukumomi sun ce gurbin ya samu ne a ƙurarren lokaci, to amma jama'a sun riga sun fusata. Wannan fushi ya nuna akwai masu kulawa. Abin da ba a yi ba shi ne tara su a bakin wata hanya.

Abin da ke hannun Nguru da Gashuwa

Garuruwan nan biyu ba sa cikin jadawalin manyan gasanni, kuma ba za a yaudari kowa da cewa za su shiga nan kusa ba. Abin tambaya shi ne ko akwai ƙaramin ciniki da za a iya ginawa da abin da ke ƙasa. Nguru tsohuwar cibiyar kasuwanci ce tun da dogo ya iso ta daga Kano a 1930, aka riƙa lodin gyaɗa da fatu da ƙaro da shanu. Gashuwa hedkwatar masarautar Bade ce, tana bakin Kogin Yobe, tana kuma da Jami'ar Tarayya tun 2013, wato akwai ɗimbin matasa. Keke kuwa abubuwa biyu ne suka ƙara masa daraja a 'yan shekarun nan. Na farko shi ne haramcin hawan babur da aka kafa a jihar a shekarun rikicin Boko Haram, wanda sai a watan Maris na 2023 aka ɗage shi a ƙananan hukumomi 10, cikinsu har da Nguru da Bade. Na biyu, ƙasa da wata uku bayan haka, janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, wanda ya sa farashin lita ya ninka fiye da sau biyu cikin 'yan kwanaki. Wanda ya yi murnar dawowar babur sai ya tarar tankinsa ya fi ƙarfin aljihunsa. A da can an yi wa tsohon Ministan Sufuri, Ojo Maduekwe, dariya a 2001 da ya ce 'yan Nijeriya su koma hawan keke. Abin da wa'azin minista bai yi ba, tsadar mai ta yi.

Taron kallo ma ba baƙon abu ba ne a nan. Hawan salla, da sukuwar dawaki, da kokawa, da bikin kamun kifi na Bade da ake yi a Gogaram, duk suna tara dubban mutane. Har ila yau ɗan kallon ƙasar nan yana da wata ɗabi'a da Bature zai yi sha'awa: yana yin kari. In ɗan dambe ko makaɗi ya burge shi, sai ya zaro kuɗi a gaban jama'a, maroƙi ya faɗi sunansa. Wannan ya yi daidai da abin da ke riƙe da ƙananan gasanni a ƙauyukan Beljiyam, inda ake yin tsere ranar bikin gari, mahaya su yi ta zagaya 'yan tituna, masu shaguna kuma su sa kyautar kuɗi ga wanda ya fara wuce ƙofarsu a wani zagaye. Daga irin waɗannan gasanni manyan mahayan ƙasar suka taso.

Saboda haka, ko da yake tseren Nguru zuwa Gashuwa shi ne zai fi daɗin faɗa, ba shi ne ya fi riba ba. Wanda ya tsaya a Jajimaji zai jira sa'a guda ya ga ayari na 'yan daƙiƙoƙi, ya koma gida bai sayi komai ba. Sa'an nan dole a rufe hanyar da manyan motocin hatsi da dabbobi ke bi, a kuma baza jami'ai a tsawon tafiyar duka. Zagaye na kilomita uku ko huɗu a cikin gari, wanda za a maimaita sau goma sha biyar, zai riƙe ɗan kallo wuri ɗaya tsawon sa'a biyu, kuma mutumin da ya tsaya sa'a biyu shi ne ke sayen ruwan leda da tsire da katin waya, shi ne kuma ke karanta allon talla har ya haddace. Ma'aikatan da za a bukata ba su kai rabin na doguwar hanya ba.

Batun keken da za a hau shi ma lissafi ne. Keken tsere na zamani, wanda dokar ƙungiyar duniya ta ce kada nauyinsa ya gaza kilo 6.8, daga waje ake shigo da shi, kuma tun da aka saki darajar Naira a watan Yuni na 2023 ya ƙara nisa da matashin Yobe. In aka ce sai da shi, mahaya ba za su wuce a ƙirga da yatsu ba. In kuwa aka buɗe rukuni na keken gida, irin su Phoenix da Raleigh da kekunan gwanjo masu giya, to kowace unguwa tana da gwaninta, kuma unguwar za ta biyo shi. Nan ne dillalin keke, da mai sayar da taya da sarƙa, da mai faci, za su ga amfanin sa hannu, gama wanda ya ci tsere a kan keken da ake sayarwa a shagonka ya yi maka tallar da rediyo ba zai yi ba. Bayansu sai kamfanonin waya, da na lemo, da dillalan taki, da bankunan da ke neman sababbin masu ajiya. Bikin Argungu ya daɗe da nuna cewa kamfanoni sukan zo inda taro yake, har da tseren motoci aka riƙa haɗawa da shi.

Wasu kan yi maganar tuddan rairayin Tulo-Tulowa a Ƙaramar Hukumar Yusufari, da dausayin Haɗeja da Nguru, a matsayin wuraren da za su jawo mahayan daji daga ƙetare. Kyan wuraren ba abin musu ba ne, amma rairayi mai zurfi sai keke mai faffaɗar taya na musamman, kuma muddin ƙasashen Turai na gargaɗin 'yan ƙasarsu game da zuwa Arewa maso Gabas, wanda ya gina lissafinsa a kan baƙon waje ya yi gini a kan wannan rairayin.

Kashe kuɗin da ba a iya kauce masa shi ne na tsare taron. Abin da ya faru a Brest da Ventoux ya faru ne a ƙasar da ta shekara fiye da ɗari tana shirya gasa. A garin da yara ke bin duk abin da ya motsa, awaki da amalanke kuma ke ratsa titi yadda suka ga dama, dole a yi tanadin igiya ko shinge a mitoci ɗari uku na ƙarshe da kowace kwana, da motar asibiti, da hular kwano ga kowane mahayi, da izinin jami'an tsaro da na Hukumar Kiyaye Haɗurra. Sa hannun fada da masu unguwanni ya fi kowane shinge arha, domin dogarai da 'yan sa-kai sun riga sun san yadda ake dare taro ranar hawa. Ya kamata kuma a rubuta tun farko wanda zai ɗauki nauyin jinya in an yi haɗari, don kuwa a idon jama'a sunan da ke kan allon talla shi ne mai gasar.

Lokacin yinsa ma ƙayyadadde ne. Daga Afrilu zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40, a ƙarshen damina kuma ambaliya kan taɓa hanyoyin yankin, kamar yadda aka gani a 2022. Abin da ya rage shi ne tsakanin Nuwamba da Fabrairu, bayan an kai amfanin gona gida kuɗi ya shiga hannun manoma, da sassafe kafin iskar hunturu ta taso da ƙura, kuma ba a cikin watan azumi ba.